Ɗaya, Biyu, Ana Ji Na?

Ranar da maigidana ya rasu, a kunne ya bar kwamfutarsa. Ya fita da hantsi a kan babur zai sayo takarda da tawada a Ɗambatta, ya ce in ajiye masa furarsa, kafin azahar zai dawo. Bayan la'asar aka kawo shi a bayan motar ɗaukar kaya, an rufe shi da bargon wani bawan Allah. Wayarsa ta farfashe a kan kwalta, waɗanda suka je wurin suka ce ba abin da za a tsinta. Lokacin an yi shukar fari, gero ya fara fitowa. Ni kuma ina da cikin wata huɗu, cikina na farko.

Sana'arsa buga takardu ce. A ƙauyenmu gida yana jikin gida, gona tana jikin gona, saboda haka rubutu ba ya yankewa. Yau takardar shaidar iyakar gona, gobe katin ɗaurin aure, jibi wani yana neman aikin gadi a birni. Ɗakinmu na biyu yana da taga mai kallon hanya, ta nan ake miƙo masa aiki. Ba mu da wutar gwamnati. Faifan sola ɗaya ne a kan rufi, da babban batir a ƙarƙashin tebur, da wani ɗan akwati da yake yin ƙara in wuta ta yi ƙasa. Kwamfutar irin ta ninkewa ce, tsohuwa, hannu na biyu ko na uku. Batirin jikinta ya daɗe da mutuwa, in aka zare mata waya nan take take ɗaukewa.

Na san halinta kamar yadda ake sanin halin dabbar gida. Da yamma yana kashe ta. Da safe in ya kunna, wata rana sai ya kunna sau biyu ko sau uku, yana kara kunne a jikinta yana sauraron wani ƙas-ƙas da take yi, yana cewa, "Tashi mana, Hajiya, gari ya waye." In kuma ta yi nauyi da rana, ba ya kashe ta gaba ɗaya. Akwai wani wuri da yake dannawa ta lumshe ta sake farkawa da kanta. Sai ya tafi ya yi alwala, kafin ya dawo ta warware. Ya koya mini motsa 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskarta da buga sunaye, don in riƙe masa aiki in ya tafi masallaci. Iyakar sanina ke nan. Ƙaramar sakandare na gama, sai Islamiyya.

Sai bayan sadakar uku na shiga ɗakin, don in rufe tagar. Na ji fankar kwamfutar tana juyawa a hankali. Na taɓa ta, fuskarta ta yi haske. Takardar wata gona ce a buɗe, ya rubuta gabas da yamma, ya tsaya a kudu. A can ƙasa akwai wani ɗan abu da ban sani ba. Ban san me ya sa na danna shi ba.

"Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Ana ji na? To. Assalamu alaikum, jama'a."

Na zauna a ƙasa.

Gwaji ne ya yi. Makarantar Islamiyya ta ba shi aikin ɗaukar sanarwar walima da za a sa a lasifika, shi ne yake gwada abin magana. Bayan sallamar sai ya yi tari. Sai akuya ta yi kuka a tsakar gida. Sai ya ce, "Kai, wannan akuya! Ke, kina ji na? Kore ta mana, aiki nake yi." Daga can nesa sai muryata ta ce, "Ai ita ma sanarwar take yi." Sai ya yi dariya. Ya yi ta har ya kasa ci gaba, ya ce, "Allah ya shirye ki," abin ya tsaya. Duka bai kai minti biyu ba.

Shi mutum ne da ba ya tura saƙon murya. Abokansa har tsokanarsa suke yi, wai hannunsa ya fi bakinsa sauri. Daga baya an duba wayoyin 'yan uwa da abokai, duk rubutu ne. A duk duniya, wurin da muryarsa ta rage shi ne cikin wannan tsohuwar kwamfuta. Tun ina zaune a ƙasan nan na ƙudura abu ɗaya a raina. Abin da ke cikina ba zai ga ubansa ba, amma zai ji shi.

Ranar bakwai wani abokinsa ya zo gaisuwa. Gyaran waya yake yi a Ɗambatta, tare suka yi makaranta. Ina cikin takaba, don haka ta bayan labule muka gaisa, surukata Inna tana zaune a bakin ƙofa, wan maigidana, wanda duk gidan muke kira Yaya, yana tsaye. Na gaya masa abin da na samu. Ya tambaye ni ko na san kalmar sirrin da ake bugawa in an kunna ta. Na ce ban sani ba. Na sha ganin yatsunsa suna gudu da safe, amma ban taɓa tambaya ba.

"Ya taɓa ce mini zai cire ta, wai tana ɓata masa lokaci," in ji shi. "Ban sani ba ko ya cire. Ba ki lura ba?"

Ban lura ba. Makonnin ƙarshe laulayi ya hana ni tashi da safe.

"To kada a kashe ta. In ta mutu ta dawo tana neman kalmar, mun shiga uku. Bari in sa filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikinta, in kwafe miki muryar yanzu, minti ɗaya ne."

Har ya sa hannu a aljihu, Yaya ya ce, "Dakata."

"Yaya, ba ɗauka zan yi ba. Kwafa ce. Abin yana nan inda yake."

"Na ji. Amma abin da ya bari, ko allura ce, ba mai taɓawa sai yarinyar nan ta sauka. Haka Malam ya ce, ba a rabon gado da ciki." Ya gyara tsayuwa. "Kuma ka san abin da ke ciki. Iyakokin gonakin rabin garin nan suna cikin abin nan. In namiji ta haifa, ba ni da komai a dukiyar. In mace ce, ina da rabo. Ni ne wanda za a fara nunawa. Gobe a ce an soka wani abu an zare ina tsaye ina kallo? A'a. Yadda ya bar ta, a bar ta."

Ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsoron haƙƙin maraya, har ba ya shan ruwa a kofin ƙanin nasa tun da ya rasu. Abokin ya mayar da hannunsa aljihu. Ni ma ban yi musu ba. Na riƙe ƙarshen maganar ne kawai: yadda ya bar ta, a bar ta. A kunne ya bar ta. Saura wata biyar in haihu. Na ce a raina, wata biyar ba shekara ba ce.

Shekarar ta yi tsanani. Taki ya gagari mutane, aka yi shuka haka nan da tokar murhu da kashin awaki. Hatsin bara ya ƙare tun kafin ruwa ya zauna. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, sauran kwaɗon rama ne da tafasa. Man fetur ya yi tsadar da mai cajin waya na bakin kasuwa ya daina tayar da janareto sai ranar kasuwa. Da maigidana yana nan, matan unguwa a wurinmu suke cajin wayoyinsu. Yanzu na lura in na jona waya uku, kafin gari ya waye ɗan akwatin nan ya fara ƙara. Sai na daina karɓa. Na cire ƙwan fitilar ɗakina na ajiye. Wutar da rana ta bayar duka ta kwamfuta ce.

Mata ba su ji daɗi ba. Wadda ta fi faɗa mini a fuska ita ce faccalata, matar Yaya, mai babbar waya.

"Amarya, wai har yanzu Hajiyar taki ba ta ƙoshi ba? Ita tana ci dare da rana, mu wayoyinmu suna azumi."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri kam muna yi. Ni dai ban taɓa ganin ƙarfe da ake yi wa jinya ba."

Ta fita tana gyara ɗankwali. Amma da ta ga ƙura da kashin tsuntsu sun rufe faifan solar, ita ce ta ɗaura tsumma a kan gora ta hau turmi ta goge shi, tana mita tana gogewa.

Sau ɗaya nake saurara a rana, bayan sallar la'asar. Na sa wa kaina wannan doka ne don ina tsoron kada abin ya gaji. Ina zama a kan kujerarsa, in ɗora hannu a kan cikina, in danna. Na ji ana cewa jariri yana ji tun yana ciki. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ina ƙara sautin dai.

Inna da farko ta ƙi. Ta ce, "Ni ba na son jin wanda ba zan iya amsa masa ba." Amma bayan 'yan makonni sai na ga kullum la'asar tana kawo faifan ramarta bakin ƙofar ɗakin, ta zauna ta ba ni baya tana tsinka. Ba ta taɓa cewa in kunna ba. Wata rana da akuyar ta yi kuka a cikin kwamfutar, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ji ja'ira. An sayar da ita an ci gero, ga ta nan tana yi mana kuka." Akuyarta ce, ita ta sayar a watan da abinci ya yanke. Muka yi dariya mu biyu, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Haka muka yi wata biyu da rabi. Na saba da ƙarar fankar har na daina jin ta. Jikin kwamfutar kullum da zafi, sai na ɗora ta a kan duwatsu huɗu don iska ta shiga ƙarƙashinta. Wani lokaci rubutun Turanci yakan fito yana tambayar wani abu, sai in kira abokin nasa in karanta masa harafi harafi, ya ce in danna na dama ko na hagu.

Sai marka ta zo. Ruwa ya sauka ranar Talata bai ɗauke ba. Ba mai ƙarfi ba ne, irin mai naci ne, sama ta yi fari fat, ba a ganin inda rana take. Katangu suka fara jiƙa suna zubewa. Rana ta biyu da la'asar na danna, ɗan layin da ke nuna inda muryar ta kai ya fara tafiya kamar kullum, amma ba sauti. Na ƙara, na rage, na sake dannawa. Layin yana tafiya, na san daidai inda yake tari, daidai inda akuya take kuka, amma ɗakin shiru. Inna ta juyo ta dube ni, karo na farko.

Rana ta uku ma haka. Rana ta huɗu da hantsi ɗan akwatin ya fara ƙara, ba ta gargaɗi ba, irin mai sauri da ban taɓa ji ba. Na ɗauki ƙaramar wayata, cajinta saura layi ɗaya, na kira Ɗambatta.

Ya saurari ƙarar ta cikin waya. Ya ce batirin ya kusa ƙarewa, ko awa ɗaya, ko ƙasa da haka. Na gaya masa zancen sautin. Ya ce wannan ba komai ba ne, ta daɗe a kunne ne kanta ya cushe, muryar tana nan.

"Ai dai kin ɗauka a waya, ko?"

"A waya kamar yaya?"

"Ki kunna, a kara wata wayar a bakin sifika a ɗauka. Ba a soka komai, ba a zare komai."

Wata biyu da rabi, kullum la'asar, ga wayar faccalata a gidan. Ko Yaya ba zai hana wannan ba.

"Innalillahi," in ji shi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ya kamata in faɗa miki tun ranar. Wallahi bai zo mini ba. Allah ya yafe mini."

"Yanzu me zan yi?"

Ya sa na kai kibiya kusurwar ƙasa na danna. Kalmomi suka fito a jere. Ya ce biyu ne nawa a ciki. Ɗaya kashewa ce gaba ɗaya. Ɗaya kuma ita ce ristat, wadda maigidana yake yi da rana, ta lumshe ta sake tashi.

"In kika yi ristat, sautin zai dawo, wannan na tabbata. Sai a ɗauka a waya nan take. Amma in ta tashi tana neman kalmar sirri, shi ke nan, kin rufe ƙofa da hannunki. Kuma in wuta ta ɗauke tana tsakiyar tashi, tana iya lalata abin da ke ciki."

"In na kashe fa?"

"In kika kashe ta da kyau, komai yana kwance lafiya a faifan ajiyar da ke cikinta. Bayan kin sauka an raba gado, sai in kai ta Kano. Akwai masu ciro faifan su kwashe abin da ke ciki ko ba kalmar sirri. Abin da ba na so shi ne ki bar ta wuta ta yanke mata da kanta."

"In kai ne, wanne za ka yi?"

Ina jin ruwa yana dukan kwanon shagonsa.

"Ban sani ba, wallahi. Amma kashewar ta fi kama da hankali."

Wayar ta mutu a kunnena.

Inna ta aika a kira Yaya. Yana bayan gida yana tokare katangar da ta fara rabuwa, ya shigo da laka har gwiwa, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada ya ɓata ɗakin. Na maimaita masa abin da aka ce. Ya tambaya wanne ne ba zai ɓata dukiyar ba. Na ce kowanne yana iya ɓatawa. Ya dubi ɗan akwatin da ke ƙara, ya dubi ƙasa.

"Ke kika san ta," ya ce. "Abin da kika yi, ni shaida ne. Ba mai tuhumarki."

Faccalata ta kutso ta gefensa, ruwa yana ɗiga daga mayafinta, wayarta a hannu.

"Cajin saura kaɗan, tun ranar kasuwa nake lallaɓa ta. Amma za ta ɗauki minti biyu. Tayar da ita, Amarya. Ni zan riƙe."

Ta durƙusa ta kara wayar a jikin kwamfutar tun kafin in ce komai.

Na ɗora kibiyar a kan ristat. Yatsana yana kan madanni. Zan faɗi gaskiyar abin da ya zo mini, don na daɗe ina juya shi. Kwana biyu ban ji shi ba, kuma ina son in ji shi a lokacin, ba bayan wata biyu ba. Son ya yi ƙarfin da ya ba ni tsoro. Sai na ga kamar ristat ɗin tawa ce, ta kwaɗayina, kashewar kuma ta abin da ke cikina ce. Na ga kamar in na danna don kaina abin ya rufe, na ci rabon maraya don in ji daɗin minti biyu. An koya mana cewa in abu biyu suka zo, wanda ya fi wuya a zuciya shi ne ya fi kusa da daidai. Ban tuna da ƙas-ƙas ɗin safiya ba. Ko kusa bai zo mini ba.

Na matsar da kibiyar na danna kashewa.

Kwamfutar ta tambayi wani abu game da takardar gonar da ke buɗe, na danna na farko. Fuskarta ta yi shuɗi, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sannan ta yi baƙi. Fankar ta tsaya. Sai a lokacin na ji irin shirun da ke ɗakin. Tun ranar da ya fita ba a yi wannan shirun ba.

Faccalata ta daɗe a durƙushe da wayar a hannu. Sannan ta miƙe ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Inna ta tattara ramarta ta tafi ɗakinta. Ba ta ƙara zama a bakin ƙofar ba.

Washegari rana ta fito, tas, kamar ba a taɓa yin hadari ba. Na aika wa matan unguwa su kawo wayoyinsu.

Na naɗe kwamfutar a cikin babbar rigarsa ta Juma'a na sa a akwati. Ban kunna ta ba, don abokin ya ce kada a taɓa sai mai gyara ya gani. Sauran watannin na yi su ne ina biya maganar a zuciyata bayan la'asar, daga ɗaya biyu har zuwa Allah ya shirye ki, kamar mai tilawa.

Na haihu da kaka, ana cikin yankan dawa. Mace ce. Bayan suna Malam ya zo aka raba abin da ya bari. Yaya ya roƙa a sa kwamfutar a kason yarinya, ba wanda ya ƙi. Shi da kansa ya ɗauki akwatin a ka har bakin titi, suka haɗu da abokin suka tafi Kano.

Sun dawo bayan la'asar. Na ji shigowarsu zaure, amma ba su ƙaraso ba. Har na gama shayar da yarinya na kwantar da ita suna can. Daga nan na gane.

Abokin ne ya yi bayani, yana kallon tabarma. Sun je wurin mutum uku. Faifan ya ƙi juyawa. Na ƙarshen, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, ya ce irin wannan tsohon faifan muddin yana juyawa zai yi ta juyawa, amma in ya tsaya ya huce, ba lallai ya sake tashi ba. Balle ya yi wata biyu da rabi yana aiki ba hutu, sannan ya kwanta cikin danshin damina.

Na ce, "Da ristat na yi fa?"

Bai so ya amsa ba. Na sake tambaya.

"Dattijon ya ce a ristat faifan ba ya tsayawa. Amma ya ce ba a sani ba, ga maganar wuta, ga kalmar sirri. Ba wanda ya sani."

Sai na gaya masa yadda take yi da safe, yadda maigidana yake kunnawa sau uku yana kara kunne, da yadda ba ta taɓa yi masa gardama ba in da rana ya sake tayar da ita. Ya ɗago ya dube ni.

"Ba ki faɗa mini wannan ba."

"Ban san abin faɗa ba ne."

Da suka tashi tafiya, Yaya ya juyo. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar ranar marka, ya ce, "Da na bari an kwafa." Sau ɗaya ya faɗa. Bai ƙara ba, ni ma ban taɓa tayar masa da zancen ba. Har yau duk kaka yana aiko wa yarinyar da damin gero daga gonarsa, ko shekarar ba ta yi kyau ba.

Bayan arba'in na koma gidanmu, wani ƙauye kusa da Minjibir. Kwamfutar tana ƙarƙashin gadona a cikin rigar. Dattijon ya ce a ajiye, wai akwai ƙasashen da ake buɗe faifan a cikin ɗaki na musamman. Ban san wanda ya taɓa zuwa can ba.

Na yi ta auna abin shekara da shekaru. Wata rana in ga na yi daidai da abin da na sani a lokacin. Wata rana in ga da na bi son zuciyata sau ɗaya, da yanzu muryar tana cikin wayoyi goma. Malaman da na tambaya sun ce abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure, na kuma yarda. Amma yardar ba ta hana ni ganin kibiyar nan a kan kalmar da ban danna ba.

Yarinyar ta shiga shekara ta biyar. Tun tana goye nake faɗa mata maganar, ina kwaikwayon muryarsa iyakar iyawata. Yanzu ta mayar da ita wasa. Takan ɗauki ludayi ta kara a baki, ta hau turmi, ta ce, "Ɗaya, biyu. Ana ji na?" Sai ta yi tarin ƙarya, ta yi kukan akuya da kanta, ta nuna ni da ludayin ta ce in kore ta, aiki take yi. Ni kuma in faɗi nawa. Wannan kaɗai ne ba na kwaikwaya, don tun asali nawa ne.

Kwanakin baya, da na faɗa, ba ta sauko daga turmin ba. Ta ce, "Daga nan sai me?"

Na ce, "Daga nan sai ya yi dariya."

"Wace iri?"

"Mai yawa. Har ya kasa magana."

"Yi mini irinta."

Na buɗe baki. Kalmomin duk suna nan, ba wadda ta ɓace, har inda yake jan numfashi kafin sallama. Na nemi dariyar a inda na saba samun ta. Na san ta fara a ƙasa ta hau sama, na san akwai wani ɗan shaƙewa a tsakiya. Amma sautin kansa na neme shi ban samu ba, kuma ban san ranar da ya tafi ba.

Tana tsaye a kan turmi tana jira, ludayin a bakinta. Na ce ta sauko kada ta faɗi.